Ɗanyen inabi, zabibi, lemon kwali ko ƙwayar kamfani: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda aka auna aka ce masa jininsa ya fara hawa, ko sukarinsa yana bakin iyaka, ba ya rasa masu ba shi shawara. Cikin shawarwarin da suka fi yawo a WhatsApp 'yan shekarun nan akwai ta inabi: wai yana da wani sinadari mai wanke jijiyoyi, ya gyara zuciya, har ma ya jinkirta tsufa. Maganar ba ƙarya ba ce ɗungurungum. Inda gizo ke saƙar shi ne, inabi yana zuwa hannunmu ta siffa huɗu, kuma amfaninsu da farashinsu sun sha bamban. Akwai ɗanye na masu baro da Kasuwar 'Yan Lemo, akwai zabibi irin wanda alhazai ke haɗowa da dabino a tsaraba, akwai lemon kwali mai hoton inabi a jikinsa, sai kuma ƙwayoyin da ake tallatawa a kemis da intanet da sunan an tatso amfanin inabin an ɗure a kwanso.

Kafin a zaɓa, sai an san inda amfanin yake zaune. Abin da ake magana a kai shi ne folifinol, kuma ba sinadari ɗaya ba ne, babbar zuri'a ce da aka gano sama da iri 8,000 nata a tsirrai. Tsiro yana yin su ne domin kansa, don kariya daga zafin rana da ƙwari da fumfuna. A inabi guda uku suka fi suna. Antosayanin shi ke ba ɓawo launin ja ko baƙi, shi ya sa koren inabi kusan ba shi da shi. Tanin shi ne baurin da kake ji yana ɗaure maka harshe in ka tauna ƙwallon ciki. Sai resberatirol, wanda ya fi duka ƙanƙanta a yawa amma ya fi su shahara, yana cikin ɓawo, kuma kurangar tana ƙara yin sa ne idan fumfuna ta kawo mata hari. Masu aunawa sun gano cewa kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na folifinol ɗin inabi yana cikin ƙwallo, kimanin kashi 30 a ɓawo, tsokar nan mai zaƙi kuwa ba ta wuce kashi 10 ba. Ke nan wanda ya sayi koren inabi marar ƙwallo, ya zauna yana ɓare shi yana tsotsar tsoka, ya biya kuɗin folifinol ne ya sha ruwan sukari.

Akwai wani tsohon bayani da masu talla ke riƙe da shi har yau, cewa waɗannan sinadarai suna shiga jini su kama gurɓatattun abubuwan da ke lalata ƙwayoyin jiki. A kwalbar gwaji haka abin yake. A jikin mutum kuwa ɗan kaɗan ne ke shiga jini a yadda yake. Mafi yawansa sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su farfasa shi, sannan jiki ya ɗauki ɓurɓushin. Saboda haka ne a 2012 ma'aikatar noma ta Amurka ta sauke jadawalinta da ke jera abinci bisa wannan ƙarfi, ta ce 'yan kasuwa suna amfani da alƙaluman ta hanyar da ba ta dace ba, kuma ba su nuna abin da ke faruwa a jiki. Amfanin da ya fi samun hujja a yau shi ne yadda folifinol ke taimaka wa shimfiɗar cikin jijiyoyin jini ta saki jiki, jini ya riƙa wucewa ba takura. Amfani ne na gaske, amma ɗan madaidaici ne, ba irin wanda zai maye gurbin maganin asibiti ba.

Bari mu fara da ƙwaya, tunda ita ta fi tsada kuma ita ta fi baki.

Tarihinta ya soma ne daga giya. A 1991 wani shirin talabijin na Amurka ya yayata tambayar da ta daɗe tana damun masana: me ya sa Faransawa ke cin man shanu da cuku da nama mai kitse amma ciwon zuciya bai kashe su kamar Amurkawa? Wani masani Bafaranshe, Serge Renaud, ya ɗora abin a kan jar giyar inabi, ya kuma wallafa hujjarsa a 1992. Daga nan aka shiga neman sinadarin da ke yin wannan aiki, ido ya faɗa kan resberatirol, wanda wani Bajafane, Michio Takaoka, ya fara tatsowa tun 1939 daga saiwar wani tsiro da ba inabi ba. A 2003 ɗakin binciken David Sinclair a Jami'ar Harvard ya ba da rahoton cewa yana tsawaita rayuwar yis. A 2006 suka ce ɓerayen da ake ɗura wa abinci mai kitse sun fi daɗewa idan an haɗa musu da shi. Kasuwa ta ɗauka. A 2008 kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin Sirtris, wanda aka kafa kan wannan bincike, a kan dala miliyan 720.

Abin da ya biyo baya ne masu talla ba sa faɗa. A 2010 aka dakatar da gwajin maganin resberatirol na kamfanin a kan masu wani nau'in kansar ɓargo bayan wasu marasa lafiyar sun samu matsalar ƙoda, a 2013 kuma aka rufe ofishin Sirtris. A 2012 Jami'ar Connecticut ta sanar da cewa ta samu ɗaya daga cikin fitattun masu bincike kan resberatirol da zuciya, Dipak Das, da ƙirƙira ko sauya sakamako a wuri 145. Sannan a 2014 aka fitar da sakamakon bibiyar tsofaffi 783 a yankin Kiyanti na Italiya, ƙasar giyar inabi, tsawon shekara 9: waɗanda fitsarinsu ya nuna sun fi samun resberatirol ba su fi sauran tsawon rai ba, ba su kuma fi su tsira daga ciwon zuciya ko kansa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An nuna tun 2004 cewa in mutum ya haɗiyi resberatirol, hanji yana tsotse akalla kashi 70 cikin 100, amma hanjin da hanta suna sauya shi nan take, ta yadda wanda ke yawo a jini a siffarsa ta asali bai kai kashi 1 ba. Ga kuma batun yawa. Kofi guda na jan inabi, wato kimanin giram 160, yana ɗauke da resberatirol daga miligiram 0.24 zuwa 1.25. Ƙwaya guda mai miligiram 250 daidai take da akalla kofi 200 na inabi mafi kyau. Wani zai ce ai wannan yabo ne ga ƙwayar. Ni a ganina akasin haka ne: yana nuna cewa duk amfanin da aka gani ga masu cin inabi ba daga resberatirol ya fito ba, domin abin da suke samu bai taka kara ya karya ba. Kuma mafi yawan ƙwayoyin ma ba daga inabi ake yin su ba, daga saiwar wata ciyawa ce ta gabashin Asiya, hoton inabin a kan roba ado ne.

Ba a nan kaɗai matsalar ta tsaya ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta amince a 2016 da miligiram 150 a rana ga babba, tare da jan kunnen masu shan wasu magunguna. In an kai giram 2.5 zuwa sama a rana, gudawa da tashin zuciya sukan biyo baya. Wanda ke shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko wanda za a yi wa tiyata, kada ya kusanci ƙwayar sai likitansa ya sani, domin tana iya ƙara saurin zubar jini kuma tana taɓa yadda hanta ke sarrafa wasu magunguna. Mai ciki da mai shayarwa su ma su bar ta. Lambar NAFDAC a jikin roba ba shaidar cewa abu yana warkarwa ba ce. In ka duba da kyau, a kan irin waɗannan kayan sau da yawa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

Akwai ƙwaya ta biyu da ya kamata a yi wa adalci, wadda ake yi da garin ƙwallon inabi. Ita kam daga inabi take, kuma daga ɓangaren da ya fi folifinol. A 2011 an tattara gwaje-gwaje 9 da suka haɗa mutum 390, aka ga tana rage lambar sama ta awon jini da kimanin maki 1.5, ba ta kuma taɓa kitsen jini ba. Maki ɗaya da rabi. Mutumin da awonsa ke 160, rage gishiri da dunƙulen miya da tattaki bayan la'asar za su ba shi fiye da haka, ba tare da ya ciro sisi ba.

Ita kuwa giyar da ta jawo duk wannan, ga Musulmi magana ta ƙare tun kafin a fara. Ga wanda addininsa bai hana shi ba, hujjar lafiyar ma ta rushe: tun 1988 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a kira marar illa.

Sai lemon kwali. A nan akwai gaskiya biyu da ke karo da juna. Ruwan baƙin inabi na asali, wanda aka matse da zafi tare da ɓawonsa, yana ɗauke da antosayanin mai yawa. A 1999 masu bincike a Jami'ar Wisconsin sun ba mutum 15 masu ciwon jijiyoyin zuciya irin wannan ruwan tsawon kwana 14, suka ga jijiyoyinsu sun ƙara buɗewa. Mutum 15 da mako biyu ba su isa a gina hukunci a kai ba, amma alama ce. Gaskiya ta biyu ita ce sukari. Kofi guda na ruwan inabi zalla, wanda ba a ƙara masa komai ba, yana da sukari kusan giram 36, daidai da gwangwanin lemo mai gas. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa sukarin ruwan 'ya'yan itace cikin wanda ya kamata a taƙaita, kuma iyakar da ta ba babban mutum ba ta wuce kimanin giram 50 a rana ba. Kofi ɗaya ya cinye fiye da kashi biyu cikin uku, tun ba a sa sukari a shayi ko kunu ba.

Wannan fa in ka dace da na asalin ke nan. Mafi yawan abin da ke jere a kantunanmu ruwa ne da sukari da launi da ƙamshi, sai ɗan ruwan inabi na fita kunya. Juya kwalin ka karanta jerin kayan haɗi: abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa. In ka ga ruwa a farko, sukari na biye, ka san abin da ka riƙe. Haka kwalaben nan masu kumfa da ake buɗewa a wajen biki da sunan inabi marar barasa. Na walima ne, kada a sha su da niyyar magani.

Zabibi ya fi ba ni sha'awa, domin mutane suna yi masa fahimta biyu, duka a karkace. Wasu na ganin tunda baƙi ne ko ruwan ƙasa, to daga baƙin inabi yake. Alhali mafi yawan zabibin duniya, na Turkiyya da Kalifoniya da Iran, daga koren inabi marar ƙwallo ake yin sa. Duhun da ya yi ba antosayanin ba ne; shanya ce ta jawo shi, kamar yadda goro ke sauya launi in an fasa shi an bar shi a iska, kuma wannan sauyin launi yana nufin wani kaso na folifinol ɗin ya riga ya lalace. Abin mamaki, zabibi mai ruwan zinare ya fi riƙe nasa, saboda ana turara shi da hayaƙin farar wuta don kada ya yi duhu. Sai dai wannan turaren yana tayar wa wasu masu asma da ciwonsu, su sai su yi hattara. Wanda ya fi cika sharaɗi shi ne babban baƙin zabibi mai ƙwallo, irin wanda ake samu a shagunan Makka da Madina da wajen masu kayan Islamiyya, domin shi daga baƙin inabi yake kuma ƙwallonsa na nan.

Wasu kuma na ganin zabibi alewa ce kawai. Wannan ma ba daidai ba ne. Yana da harza, wato dusar da ciki ba ya narkarwa, mai taimakon hanji, yana da fotasiyam kusan miligiram 750 a giram 100, ninki huɗu na ɗanye, kuma fotasiyam yana taimaka wa hawan jini. Ba ya buƙatar firji, ba ya ruɓewa in an ɗauke wuta kwana uku, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Matsalarsa ita ce hannu ba ya sanin iyaka. Kusan kilo 4 na inabi ke ba da kilo 1 na zabibi. Ruwan ya tafi, sukarin yana nan. Giram 100 na ɗanye yana da sukari kimanin giram 16, na zabibi kuwa kusan giram 60. Mutum zai ci ɗanye ya ji ya ƙoshi, amma zai iya watsa zabibi cikin tafin hannu uku a baki yana hira bai san ya ci ba. Cokali biyu na cin abinci shi ne awo ɗaya, wato abin da ya dace a ci a zama guda. Mai ciwon ƙoda da aka hana shi fotasiyam kuwa, zabibi ba nasa ba ne.

Mun zo kan ɗanye, kuma shi ne hujjarsa ta fi nauyi. A 2013 masu bincike a Harvard sun fitar da sakamakon bibiyar ma'aikatan lafiya sama da 187,000 a Amurka na tsawon shekaru. Duk ƙarin cin inabi ko zabibi sau uku a mako ya zo da raguwar haɗarin kamuwa da ciwon sukari da kimanin kashi 12 cikin 100, yayin da ƙarin shan ruwan 'ya'yan itace sau uku a mako ya zo da ƙaruwar haɗarin da kashi 8. Irin wannan bincike bibiya ce, ba gwaji ba. Mai yawan cin 'ya'yan itace yakan zama mai kula da kansa ta wasu fuskokin ma. Duk da haka, bambancin da ya fito tsakanin taunawa da kurɓa ya yi daidai da abin da aka sani game da jiki: ɓawo da harza suna rage saurin shigar sukari jini, taunawa tana ɗaukar lokaci, ciki yana cika. A 2022 ma ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ba da shawarar samun miligiram 400 zuwa 600 a rana na dangin tanin ɗin nan, ta kuma fayyace cewa daga abinci take nufi, ba daga ƙwaya ba.

In za ka saya, ɗauki baƙi ko ja mai duhu, ka bar kore sai in don daɗi. In ka samu mai ƙwallo, kada ka raina shi don ya fi araha. Tauna ƙwallon in haƙori da harshe za su jure, domin wanda aka haɗiye a dunƙule haka zai fita. Duba sandar da 'ya'yan ke maƙale: koriya mai laushi sabo ne, busasshiya mai ruwan ƙasa ya kwana biyu a hanya. Farin hazon da ke kan ɓawo ba maganin feshi ba ne, kakin da inabin ke yi wa kansa ne, amma duk da haka inabi na cikin amfanin gonar da ake yawan yi wa feshi, don haka a wanke shi sosai da ruwa mai tsafta dab da ci, ba tun kafin a ajiye ba. Mai ciwon sukari ba a hana shi ba, sai dai ya ƙirga: ƙanana 15 zuwa 17 awo ɗaya ne, kuma ya fi kyau bayan abinci. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a tsaga masa kowace ɗaya ta tsawo, domin girmanta daidai yake da maƙogwaronsa.

Aibin ɗanyen inabi ɗaya ne, tsada. Na roba da ake shigowa da shi daga Afirka ta Kudu da Masar farashinsa yana bin dala. Manoman Kudan a jihar Kaduna suna noma shi, kuma in nasu ya shigo kasuwa ana samun sauƙi, amma ba kullum ba ne. Magidanci mai 'ya'ya bakwai ba zai iya sa inabi a cefanen kowane mako ba, kuma bai kamata a sa shi jin cewa ya rasa wani abu ba, domin folifinol ba gadon inabi ba ne. Jan zoɓo antosayanin ne. A gwajin da Jami'ar Tufts ta wallafa a 2010, mutum 65 masu hawan jini na farko-farko aka raba biyu. Waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum tsawon mako 6 lambarsu ta sama ta sauka da kimanin maki 7, ta waɗanda ba a ba zoɓon ba kuwa da maki ɗaya da 'yan kai. Kwatanta wannan da maki 1.5 na ƙwayar ƙwallon inabi. Jar dawa tana da nata launin da tanin, shayi na cikin manyan hanyoyin samun dangin tanin a duniya, kuma dafaffiyar gyaɗa kofi guda tana ba da resberatirol daidai da kofin jan inabi.

Saboda haka, mai hali ya sayi baƙin inabi ya ci da ɓawonsa sau biyu ko uku a mako. Matafiyi, ɗalibin makarantar kwana da mai buɗa baki da azumi, zabibi cokali biyu ya wadatar. Lemon kwali a bar shi ga baƙi da ranar suna, in kuma za a sha, na asali rabin kofi tare da abinci. Kuɗin ƙwaya gara a kai su ga na'urar awon jini ta gida. Wanda aljihunsa bai kai ko ɗaya ba ya jiƙa zoɓo, amma irin wanda aka yi gwajin da shi ba a zuba masa sukari gwangwani-gwangwani ba, kuma mai shan maganin hawan jini ya shaida wa likitansa kafin ya mayar da shi abin sha na kullum, kada jinin ya sauka fiye da yadda ake so. Mace mai ciki ko mai ƙarancin jini kuma ta raba shayi mai kauri da lokacin cin abinci ko shan maganin ƙarin jini da kamar awa guda, domin tanin yana rage yadda hanji ke tsotsar sinadarin ƙarfe.